ME YA SA WASU ƘASASHE SUKA SAMI SAUƘIN MATSALAR ƘWAYA?

Jawabin wayar da kai ga iyaye, matasa da masu unguwanni na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

 

Abin da za a tattauna a yau shi ne shaye-shaye da fataucin miyagun ƙwayoyi. Duk inda aka ta da wannan magana, ko a tashar motar Dutsin-Ma ko a bakin kasuwar Kurfi, da wuya a tashi wani bai ce, "Ai da za a riƙa kashe masu sayarwa kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, da tuni an huta" ba. Ba a ga laifin mai wannan magana ba, domin sau da yawa uba ne wanda ɗansa ya lalace a gaban idonsa. To amma kafin a tsaya a kan wannan ra'ayi, ya kamata a dubi ƙasashen da suka tsananta hukunci, a ga ko sun huta. A kuma dubi waɗanda suka sami sauƙi, a ga me suka yi. Daga nan sai a zaɓi abin da zai yi amfani a garuruwa da ƙauyukan wannan yanki.

HALIN DA AKE CIKI A GIDA

A farkon shekarar 2019 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna cewa a cikin shekara guda, 'yan Nijeriya miliyan 14 da dubu 300, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye, ban da giya da taba sigari. Wato mutum ɗaya ke nan a cikin kowane bakwai. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Katsina take, mutum kusan miliyan 3 ne. A cikin kowane mashaya huɗu kuma, ɗaya mace ce. Tabar wiwi ce a kan gaba, sai tiramol da danginsa, sai maganin tari mai kodin.

Kowa a nan ya san yadda abin ke farawa. Ɗan ƙwadago yana so ya yi noman mutum biyu a rana ɗaya, sai a ba shi ƙwaya. Ɗan acaba yana so ya kai dare bai gaji ba, shi ma haka. Likita kan ba maras lafiya tiramol mai lamba 50 ko 100 don rage zafin ciwo, amma wanda ake sayarwa a ɓoye mai lamba 200 ne ko 225. Mai sha yakan fara da ɗaya, bayan 'yan watanni ɗaya ba ta isarsa. Daga nan sai faɗuwa irin ta farfaɗiya, sai sayar da akuyar uwa, sai shiga ƙauranci ko bangar siyasa. Hukumar NDLEA kuma ta sha kama masu kai wa 'yan bindigar daji ƙwaya. Mutanen da ke maƙwabtaka da Safana, Batsari da Ɗanmusa, ƙasashen da suka jingina da dajin Rugu, ba sai an gaya musu abin da wannan ya jawo ba.

Kayan nan daga nesa suke zuwa. Yawancin wiwi a dazuzzukan kudu ake noma ta, musamman a jihohin Ondo da Edo. Tiramol kuwa akasari daga Indiya ake kawo shi ta jirgin ruwa, a sauke a Legas ko a tashoshin ƙasashe maƙwabta, a hauro da shi arewa, wani ya tsaya a nan, wani ya wuce Nijar har zuwa Libiya. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A shekarar nan Indiya ma ta tsananta doka a kan tiramol. Sai 'yan fatauci suka koma wasu ƙwayoyi masu sabon suna, irin su Tafrodol, har sai da Indiya ta hana yin wannan haɗin a watan Fabrairu na 2025. Wannan ya nuna cewa muddin akwai mai saye, mai sayarwa zai nemi hanya.

AN TAƁA GWADA KISA A NIJERIYA

Matasa da yawa ba su san an taɓa yin hukuncin kisa a kan ƙwaya a ƙasar nan ba. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 20, wadda ta tanadi kisa ga masu fataucin hodar ibilis. A watan Afrilu na 1985 aka harbe mutum uku a Kirikiri da ke Legas. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da hukuncin ɗauri. Fataucin bai tsaya ba, shi ya sa a 1989 aka kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48. Maganar ta sake tasowa a watan Mayu na 2024, lokacin da Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa, amma da aka zauna daidaitawa da Majalisar Wakilai sai aka tsaya a kan ɗaurin rai da rai.

Wani zai ce ai ba a daɗe ana kisan ba, shi ya sa ba a ga amfaninsa ba. To sai a dubi ƙasashen da suka daɗe suna yi.

INDA TSANANI BAI WADATAR BA

Ƙasar Iran ta shafe shekaru fiye da 40 tana rataye masu fataucin ƙwaya. A 2023 kaɗai ta kashe mutum fiye da 450 a kan wannan laifi. Duk da haka, a 2017 hukumomin ƙasar da kansu suka ce suna da mashaya kusan miliyan 3. Dalili kuwa shi ne tana da doguwar iyaka da Afganistan, ƙasar da kafin 2023 ta daɗe tana kan gaba a duniya wajen noman furen da ake yin hodar heroyin da shi, ga kuma matasa masu yawa ba aikin yi.

Saudiyya ma tana kashe masu shigo da ƙwaya, kamar yadda ake gargaɗin alhazai kowace shekara. Amma a watan Agusta na 2022, a kamu ɗaya tak, jami'anta sun sami ƙwaya kusan miliyan 47 an ɓoye a cikin garin fulawa a birnin Riyad. Da tsoron takobi ya isa, da ba wanda zai yi gigin shigo da wannan kaya.

Amurka kuwa tun 1971 shugabanta Nixon ya ɗaura yaƙi da ƙwaya. An cika gidajen yari da mashaya da dillalai. Amma a 2021 da 2022 da 2023, kowace shekara mutum fiye da dubu 100 suka mutu a ƙasar saboda shan ƙwaya fiye da kima.

Abin da ya sa haka a fili yake. Wanda aka fi kamawa shi ne ɗan aike, talakan da aka ba kuɗi kaɗan ya ɗauki kaya. In an kashe shi, mai kayan yana gida, gobe ya sami wani mayunwacin ya aika.

SINGAFO: TSANANI DA TSARI

Masu son a tsananta sun fi kafa hujja da Singafo, wata ƙaramar ƙasa a gabashin duniya. Gaskiya ne tun 1975 take da hukuncin kisa, kuma a dokarta wanda aka kama yana fataucin fiye da giram 15 na heroyin ko giram 500 na wiwi yana iya rasa ransa. Gaskiya ne kuma laifin ƙwaya kaɗan ne a can. Sai dai akwai abubuwan da masu ba da labarin ba su cika faɗa ba.

Singafo tsibiri ce. Duk faɗinta bai kai na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi a haɗe ba, saboda haka tsare ƙofofinta ba wuya. Nijeriya kuwa iyakarta da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, ga ɓarauniyar hanya ba iyaka. Jami'an Singafo sun yi suna wajen ƙin cin hanci, don haka mai laifi ya san in ya yi za a kama shi, in an kama shi kuma kuɗi ba zai fitar da shi ba. Wanda aka samu yana sha kawai, ba ya sayarwa, akan kai shi gidan gyaran hali a yi masa magani. In ya fito a riƙa gwada fitsarinsa na tsawon lokaci, a kuma taimake shi ya sami aiki. Bugu da ƙari, mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar suna zaune ne a gidajen da gwamnati ta gina, kuma marasa aikin yi kaɗan ne.

JAPAN: ƘWAYAR AIKI

Labarin Japan ya fi kama da na wannan yanki. Lokacin yaƙin duniya na biyu akwai wata ƙwaya mai hana barci da gajiya da ake ba sojoji da ma'aikatan masana'antu. Da yaƙi ya ƙare a 1945, sai ragowarta ta watsu a kasuwa. Leburori da ɗalibai da direbobi suka kama sha don su ƙara aiki, daidai yadda ake yi da tiramol a gonakin nan. A 1951 aka haramta ta. A 1954 an kama mutum fiye da dubu 55. A 1958 waɗanda aka kama ba su kai 300 ba.

Japan ba ta kashe kowa a kan ƙwaya ba. Abin da ta yi shi ne ta ƙara wa dillalai shekarun ɗauri, ta sa ido a kan sinadarin da ake haɗa ƙwayar da shi, ta kai mashaya asibiti, jama'a kuma suka tashi da wayar da kai unguwa-unguwa. A daidai lokacin ne masana'antu suka bunƙasa, matasa suka sami aiki. Daga baya matsalar ta sake ɗagowa a hannun ƙungiyoyin 'yan daba, amma ba ta koma kamar da ba. A 2023, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120, waɗanda aka kama da laifin ƙwaya ba su kai dubu 14 ba.

Akwai wani abu kuma. A ƙauyukan Japan akan ajiye ɗan sanda ɗaya ya zauna da iyalinsa a cikin jama'a. Ya san kowane gida, kowane gida ya san shi. Baƙon da ya zo da mugun kaya ba ya daɗewa ba a gane shi ba.

AYISILAN: IYAYE SUKA TASHI

Ayisilan ƙasa ce mai tsananin sanyi a arewacin Turai, mutanenta ba su kai dubu 400 ba. A 1998, a cikin yara ɗari masu shekara 15 zuwa 16, guda 42 sun bugu da giya a cikin wata guda, 17 sun taɓa shan wiwi, 23 suna shan sigari kullum. Zuwa 2016 masu buguwa sun koma 5, masu wiwi 7, masu sigari 3.

Yaya aka yi? Da farko aka riƙa tambayar yaran makaranta kowace shekara, ba tare da rubuta suna ba, don a san gaskiyar halin da suke ciki. Aka gano cewa yaron da ke zama da iyayensa, wanda iyayen suka san abokansa, wanda kuma yake da abin yi bayan makaranta, shi ne ya fi tsira. Sai aka yi doka cewa yaro mai shekara 13 zuwa 16 ba zai wuce ƙarfe 10 na dare a waje ba a lokacin sanyi. Iyayen kowace unguwa suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, suka riƙa zagayawa da dare suna mayar da yara gida. Hukumomi kuma suka ba da kuɗi don yara su shiga wasanni da koyon kiɗa da makamantansu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

FOTUGAL: MASHAYI MARAS LAFIYA NE

Kafin shekarar 2000, mutum ɗaya cikin ɗari a Fotugal yana shan heroyin, cutar ƙanjamau kuma tana yaɗuwa ta hanyar allura. A 2001 ƙasar ta canza doka. Mai sayarwa yana nan a matsayin mai laifi, ana ɗaure shi. Amma wanda aka samu da ɗan abin da bai wuce shan kwana goma ba, ba a kai shi kotu. Sai a tura shi gaban wani kwamiti mai masanin shari'a da ma'aikacin lafiya ko na jin daɗin jama'a, su bincika halinsa, su nuna masa hanyar magani. Da mashaya suka daina tsoron ɗauri sai suka fara zuwa asibiti da ƙafarsu. Masu kamuwa da ƙanjamau ta hanyar allurar maye sun ragu daga fiye da dubu ɗaya a 2001 zuwa ƙasa da 50 a shekara kafin 2020. Da aka rage kuɗin wannan aiki bayan 2012, matsalar ta sake bayyana a wasu birane. Wannan ya nuna aikin ba na rana ɗaya ba ne.

A nan sai a yi hattara da lissafi. Wani lokaci adadin laifi yakan yi kaɗan a takarda don ba a kamawa, ko don iyalai suna ɓoyewa saboda kunya. Haka yake a ƙauye. Garin da ba a taɓa kai ƙarar mashayi ba, ba lalle ne ya zama babu mashayi a cikinsa ba.

ABIN DA ZA A IYA YI A DUTSIN-MA DA KURFI

Waɗannan ƙasashe huɗu sun bambanta a addini da al'ada da doka. Ɗaya tana kisa, uku ba sa yi. Amma in an haɗa labaransu za a ga abubuwa biyar, kuma kowanne akwai rabon da jama'ar wannan yanki za su ɗauka ba sai sun jira Abuja ba.

Na farko, tabbacin kamu. Mai sayar da ƙwaya ya fi tsoron ɗaurin shekara biyar wanda ya san babu makawa a kan kisan da ya san kuɗi zai kare shi daga gare shi. A kowane gari an san rumfar da ake sayarwa da kangon da ake taruwa. Abin da ke kashe gwiwar jama'a shi ne a kama mutum da safe, da yamma a gan shi a majalisa, don wani babba ya je ya yi beli. Duk wanda ya karɓo dillalin ƙwaya daga hannun hukuma, ya sani ɗan wani ya sayar, wata rana kuma nasa ne. Hanyar kai rahoto tana nan tun kaka da kakanni, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa fadar Yandaka a Dutsin-Ma ko ta Maraɗi a Kurfi, daga nan zuwa ga NDLEA da 'yan sanda. A riƙa bin ta, a kuma rufa wa wanda ya kawo labari asiri.

Na biyu, toshe hanyar kaya. Mai kemis ba shi da izinin sayar da tiramol ko kodin ko allurar kashe zafi ba da takardar likita ba. Masu yawo da magani a faranti ranar kasuwa kuwa ba su da izinin komai. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tasha da na 'yan acaba sun fi kowa sanin abin da ke shigowa. Mai saye ma ya duba kwalin magani, ya karanta suna da lamba, in bai iya ba ya nemi wanda ya iya. Mai gona kuma kada ya saya wa 'yan ƙwadago ƙwaya don su gama masa aiki da wuri.

Na uku, idon iyaye. Abin da mutanen Ayisilan suka kashe kuɗi suka gano, Bahaushe ya daɗe da saninsa, tun da shi ya ce ɗa na kowa ne. Iyayen unguwa ɗaya suna iya zama su yanke lokacin da kowane yaro zai kasance a gida, su kuma yarda cewa wanda ya ga ɗan wani a mugun wuri zai faɗa, uban yaron ba zai yi fushi ba. Mata ma a kula da su, domin kwalbar kodin ta daɗe da shiga gidajen biki da ɗakunan amare. A Dutsin-Ma, inda ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 suke haya a cikin gari, ya kamata masu gidaje su san waɗanda suka ba ɗaki.

Na huɗu, abin yi. Daga girbi zuwa faɗuwar ruwa wata shida ne ko fiye, kuma a nan ne zaman banza ke cin matasa. Dam ɗin Zobe da aka kammala tun 1983 an gina shi ne har da niyyar noman rani, amma an shafe shekaru ba a ci moriyarsa yadda aka tsara ba. Ƙungiyoyin matasa da na manoma su matsa wa wakilansu a kan wannan. Kafinta da tela da makaniki da magini kowa ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu. Filin ƙwallo na unguwa kada a yanka shi a sayar.

Na biyar, magani. Wanda ƙwaya ta kama jikinsa maras lafiya ne, duka da ɗauri ba sa warkar da shi. A 2019 'yan sanda sun buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, suka tarar da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suke nema, amma sun ɓata hanya. Wurin da ya dace shi ne asibiti. A fara da babban asibitin da ke kusa, su za su tura mutum gaba, ko Katsina ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware ta Jihar Sakkwato. Ofishin NDLEA ma yana ba da shawara ga wanda ya kai kansa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke a dare ɗaya ba da shawarar likita ba, domin yin haka na iya jawo masa wata cutar. In kuma ya warke ya dawo, a karɓe shi, a ba shi sana'a, a daina kiransa da tsohon suna. Wanda jama'a suka ƙi, wurin tsofaffin abokansa zai koma.

Daga ƙarshe, ana kira ga kowane mai unguwa da ya tara magidantan unguwarsa kafin wata ya ƙare, su tattauna waɗannan abubuwa biyar, su zaɓi wanda za su fara da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnati tana da nata aikin a kan iyaka da kotu da asibiti, kuma dole a ci gaba da tuna mata. Amma sanin inda yaro ya kwana, da sanin abin da ake sayarwa a rumfar maƙwabci, wannan aikin mutanen gari ne.

Allah Ya shirya zuriya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya, amin.